Yadda zaka zama malamin jami'a a fannin kimiyyar bayanai da halayyar yanke shawara

Ka fara gane fannin tukunna, don da yawa suna ɗauka iya Python ne kawai, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta. Tambayar da ake yi itace me yasa mutum yake zaɓin abinda ya san ba zai amfane shi ba, sai a auna amsar da alƙaluma. Kaga adashi ai, mace zata riƙa zubi duk sati babu ribar ko sisi don kawai ta san in kuɗin na hannunta zasu salwanta, toh irin wannan ake nazari. Daniel Kahneman da Amos Tversky ne suka nuna a 1979 cewa zafin asara yafi daɗin riba ko da kuɗin ɗaya ne, Kahneman ya samu Nobel a 2002, Richard Thaler na Chicago Booth, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Chicago, shima ya samu Nobel a 2017.

Lissafi dai babu gudu. Kalkulas, aljebra, ƙididdiga, sannan yarukan kwamfuta irin R ko Python da SQL. Amma abinda yafi duka shine ka iya bambance tsakanin abu biyu da suka faru tare kawai da kuma inda ɗaya ne ya jawo ɗayan, shi yasa ake raba mutane gida biyu ta ƙuri'a a canza ma ɗaya farashi ko saƙo a ga me zai faru. Kamfanoni na kiranshi gwajin A/B.

Ga inda mutanenmu ke kuskure a ganina, sai ayi ta tara satifiket na kwas ɗin intanet. Hanyar aikin nan ta PhD ce, kuma kwamitin ɗaukar ɗaliban PhD ba wannan suke dubawa ba wallahi, so suke wani farfesa da suka yarda dashi ya rubuta cewa yayi bincike da kai kuma kana da kai. Don haka ka nemi aikin mataimakin mai bincike, wanda a Amurka suke kira firidok, shekara 1 zuwa 2 kana tsaftace bayanai kana rubuta kod ɗin kwamfuta ana biyanka albashi. In fita bata samu ba tukunna akwai cibiyar bincike ta Busara da ke Nairobi, akwai ƙungiyoyin bincike J-PAL da IPA masu gwaje-gwaje a Afirka, ko ka liƙe ma malamin tsangayarku da yake buga takardun bincike da gaske, ko kyauta ne ka taya shi, wasiƙar shaidar nan ita kake farauta.

Neman gurbin PhD kuma yawanci Disamba ake rufewa, za'a nemi sakamakon jarrabawar GRE ko GMAT da wasiƙu 3 da bayanin abinda kake son bincika. Duba Wharton, Chicago Booth, Carnegie Mellon, a Ingila kuma Warwick. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka basa karɓar kuɗin makaranta a PhD, su ke baka alawus ma, kuma ba dole sai kana da mastas ba. Kar ka rubuta "ina son taimakon ƙasata" ka tsaya nan, kawo tambaya ɗaya takamaimai ka ambaci malaman da aikinsu ya dace da ita.

Karatun shekara 5 ne zuwa 6, biyun farko kwasa-kwasai da jarrabawa, sauran kana gina takarda ɗaya mai ƙarfi wadda da ita zaka nemi aiki. In ka samu kujerar mataimakin farfesa sai wasu shekaru 6 ko fiye na buga takardu kafin a tabbatar da kai.

Kuma tun daga gwajinka na farko ka saba rajistar hasashenka a shafin intanet na AsPredicted ko OSF kafin ka tattara bayanai, don fannin nan yasha kunya da sakamakon da aka sake gwadawa suka ƙi fitowa, yanzu masu tantance takardu har ɗanyen bayananka da kod suke cewa ka kawo.