Darasi na Shida: Kafin Sukundireba Ta Taɓa Waya

Wutar lantarkin da ke shigowa gidajenmu ƙarfinta kusan bolt 230 ne. Ba sai mai yawa ta ratsa jiki take kisa ba. Abin da bai kai wanda ƙwan fitila mai wat 10 yake ja ba, idan ya bi ta ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen hannu, gumi da tsayawa ba takalmi a kan siminti mai danshi duk suna buɗe mata hanya.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ce, "Ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri in gyara." Wanda ya ɗauke ba zai sanar da kai lokacin da zai dawo da ita ba. Ka je wajen akwatin bireka ka kashe babban makunnin gidan da hannunka. In fis ne, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, ka zare shi ka sa a aljihu. Ka manna takarda a wurin, ka kuma faɗa wa mutanen gida da baki kada kowa ya kunna. Gidan da ke da janareta, inbata ko sola yana da ƙofar wuta fiye da ɗaya, sai ka rufe kowacce. Inbata ta fi yaudara, domin ba ta ƙara, ga shi kuma aikinta ke nan ta ba da wuta idan an ɗauke.

Kashe makunnin bango kaɗai bai isa ba. A gidaje da dama mai wayarin ya yi kuskure ya sa makunnin a kan nitiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon waya mai wuta. Fitila za ta mutu, amma wuta tana nan a cikin mariƙin ƙwan tana jiran yatsa.

Bayan ka kashe, sai gwaji, kuma sau uku ake yin sa. Tun kafin ka kashe wutar ka gwada tastarka, wato abin duba ko akwai wuta, a soket mai aiki ka ga ta kama. Sannan ka gwada kowace waya a inda za ka yi aiki, har da wadda kake zaton ba ta ɗaukar wuta. Daga nan ka sake gwada tastar a wurin da ka tabbata akwai wuta, don kada ya zama ta lalace ne a tsakani. Tasta mai ɗan ƙwai a ciki haskenta ba ya fitowa sosai a rana, wani lokaci ma ba ta kamawa idan kana kan busasshen tsanin katako. Mitar gwaji mai wayoyi biyu ta fi ta aminci. Kada ka dogara da launi: a tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa nitiral, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nitiral, mai kore da rawaya ita ce wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa. Sai dai ba kowa ke bin ƙa'idar ba.

Yanzu dubi kayan aikinka. Sukundireba da filayar aikin wuta suna da roba mai kauri, an rubuta 1000V a jikinsu. Jan roban da ke kan filayar kasuwa don daɗin riƙo aka sa shi, ba ya kare kowa. In mariƙi ya tsage, ka ajiye shi, naɗa tef ba gyara ba ne. Cire zobe da agogon ƙarfe, ka sa takalmin roba busasshe, ka bar tsanin ƙarfe.

Wajen feƙe waya, kamar santimita 1 ya isa. Reza da wuƙa sukan ci jan ƙarfen da ke ciki, wurin ya sirance, ya riƙa zafi har ya karye. Ka ɗaure dunƙulen waya da kyau cikin ramin noti, ka ɗan ja ta ka ji ba ta motsi, kada kuma tsirarar waya ta leƙo waje. Sako-sakon ɗauri shi ke sa soket ya yi baƙi yana warin ƙonanniyar roba, daga nan gobara take tashi. Fitilu ana ja musu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket mai amfiya 13 kuma 2.5. Sa ƙarama a wurin babba don rage kuɗi ganganci ne.

In za ka fasa bango da guduma, ka tuna yawanci waya tana tafiya a miƙe sama, ƙasa ko gefe daga soket da makunni. Kauce wa waɗannan layukan.

Idan wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi. Kashe babban makunni, in ya yi nisa ka ture wayar da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.