Yadda ake gwajin lafiya da allurar rigakafi kafin a samu bizar zama a Amurka

Duk mai neman bizar zama na dindindin a Amurka, ko ta aure ce, ko ta dangi, ko ta aiki, ko ta cacar biza, sai ya bi ta hannun likita kafin a buga masa ita a fasfo. Jariri ma ba a ɗauke masa ba. Masu zuwa ziyara ko karatu galibi ba a neman wannan daga gare su. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ce ke rubuta ƙa'idojin da likitocin ke bi. Cututtukan da ke hana biza kaɗan ne, kuma yawancinsu ana warkewa a ci gaba da neman. Abubuwan da ke cinye wa mutane watanni su ne ɓatan katin rigakafi, jiran sakamakon gwajin kaki na tarin fuka, da rashin lissafin lokaci.

Da farko, san likitan da za ka je wurinsa

Likitan da ofishin jakadancin Amurka ya amince da shi kaɗai ke yin wannan gwajin, sunayensu kuma suna shafin intanet na ofishin. Likitanka na yau da kullum, komai ƙwarewarsa, takardarsa ba za ta karɓu ba. Wanda yake cikin Amurka yana neman sauya matsayinsa kuwa, jerin likitocinsa daban ne, na USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, da fom mai lamba I-693.

Kada ka yi gaggawar zuwa kafin a sa maka ranar ganawa da jami'in biza. Sakamakon gwajin wata 6 yake yi, wani lokaci 3 kacal idan an ga alamar tarin fuka, kuma wa'adin bizar da na gwajin a ɗaure suke. Wanda ya yi gwaji da wuri, bizarsa za ta fito da kwanaki kaɗan na shiri. Da zarar takardar ganawa ta iso, a ranar ka nemi lokaci a asibitin.

Abin da za ka riƙe

Fasfo, takardar ganawa mai lambar fayil ɗinka, hotunan fasfo adadin da asibitin ya faɗa, katin rigakafi, tabarau idan kana sawa, da sunayen magungunan da kake sha. Idan ka taɓa jinyar tarin fuka, ka zo da takardun jinyar da tsofaffin hotunan ƙirji. Suna taimaka wa likita ya bambance tsohon tabo da sabon ciwo.

Rigakafi: nan ake yawan tuntuɓe

Jerin cututtukan da doka ta lissafa yana da tsawo: ƙyanda, hangum, rubela, shan inna, tetanus, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in A da B, ƙarambau, sanƙarau, namoniya, gudawar yara ta rota, Hib (ƙwayar cuta da ke iya kawo wa yara sanƙarau), da murar fulu a lokacinta. Kada tsawon jerin ya firgita ka, ba kowa ake yi wa duka ba. Shekaru ake dubawa. Ta rota da ta Hib na ƙananan yara ne. Allurar MMR, wadda ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela, ana neman ta ga wanda aka haifa daga 1957 zuwa yau. Ta korona da aka wajabta a Oktoban 2021, an cire ta a farkon 2025.

Ƙa'idar da ya kamata kowa ya haddace ita ce, rubutu ake karɓa. Ka ce "an yi mini tun ina yaro" ba hujja ba ce, sai da kati mai sunan allurar da rana da wata da shekara. Ƙarambau ce kaɗai likita zai iya karɓar bayanin baki a kanta, idan ka kwatanta masa yadda ta yi maka ya gamsu. Idan kati ya ɓace, hanya biyu ce: a sake allurar, ko a gwada jini a ga ko akwai garkuwar cutar, kamar yadda ake yi wa ƙyanda, hangum, rubela, ciwon hanta da ƙarambau. Sau da yawa sake allurar ya fi sauri, kuma maimaitawa ba ta da illa ga mai lafiya. Sayen katin bogi kuwa ganganci ne babba: ƙarya a neman biza tana iya rufe wa mutum ƙofa har abada, ga shi kuma ya bar jikinsa ba kariya.

Ba a bukatar ka kammala duk zagayen allura kafin tafiya. Ta ciwon hanta B, misali, an saba yin ta sau 3 cikin wata 6. Likita zai yi maka wadda lokacinta ya yi, ya rubuta cewa lokacin ta gaba bai kai ba, sauran ka ƙarasa bayan ka isa.

Akwai tarko ɗaya ga masu son riga likita. MMR da ta ƙarambau allurai ne masu rai, ana yin su rana ɗaya, ko a bar kwana 28 tsakaninsu. Suna kuma iya rikita gwajin jinin tarin fuka idan an ɗebi jinin cikin makonni 4 bayan allurar. Don haka idan za ka yi su a wani asibiti, ka yi fiye da wata guda kafin ranar gwaji, in ba haka ba ka bar wa likitan biza ya yi komai rana ɗaya. Mai juna biyu ba a yi mata waɗannan biyun, za a rubuta uzurinta, kuma hakan ba ya hana ta biza.

Ranar gwaji

Za a yi maka tambayoyi kan jinyar da ka taɓa yi, tiyata, lafiyar ƙwaƙwalwa, giya da ƙwaya. Sai a duba ido, kunne, hanci, maƙogwaro, zuciya, huhu, ciki da fata, har da neman alamar kuturta. Masu shekara 18 zuwa 44 ana ɗibar jininsu don tunjere, masu 18 zuwa 24 kuma su ba da fitsari don ciwon sanyi. Duka biyun magani ake bayarwa a ci gaba. Ƙanjamau an cire shi daga cututtukan da ke hana shiga tun Janairun 2010. Ciwon suga da hawan jini ba sa cikin jerin. Taɓin hankali ma ba ya hanawa, sai in yana tare da halin cutar da kai ko wasu. Shaye-shaye kuwa ana ɗaukarsa da muhimmanci, har tabar wiwi: idan likita ya tabbatar akwai jaraba, sai an shekara guda da dainawa kafin a sake dubawa.

Tarin fuka

Daga shekara 15 zuwa sama ana ɗaukar hoton ƙirji. Ka cire riga da sarƙa, ka manna ƙirji a jikin allon, ka ja numfashi ka riƙe har a ce ka saki. A ƙasashen da cutar ta yawaita, daga shekara 2 zuwa sama ana kuma yin gwajin jini mai suna IGRA, yara masu shekara 2 zuwa 14 kuwa sai in ya nuna alama sannan a ɗauki hoto. Mai juna biyu za ta zaɓa: a ɗauke ta da rigar dalma da ke kare ciki, ko ta jinkirta har ta haihu.

Idan hoton ya nuna inuwa ko tabo, za a nemi kaki sau 3, safiya uku daban-daban, a gaban ma'aikaci. Ka zo ba ka ci komai ba, ka kuskure baki da ruwa, ka ja dogon numfashi, ka yi tari daga can ƙasan ƙirji cikin ɗan kofin. Yawu ba ya aiki, za a mayar da kai ka sake. Wanda kaki ya ƙi fito masa, ana shaƙa masa tururin ruwan gishiri ya taso da shi. Daga nan sai haƙuri, domin ƙwayar cutar a hankali take girma a ɗakin gwaji, sai an kai mako 8 kafin a ce babu ita. Ba wanda zai iya gajarta wannan, kuma wanda ya ce zai iya, yaudararka yake yi. In an same ta, magani ne na watanni, galibi 6 ko fiye, ana sha a gaban ma'aikacin lafiya, bayan an warke a ci gaba da batun biza. Saboda wannan, kada ka sayi tikiti ko ka ajiye aiki sai biza ta shiga hannunka.

Wasu ƙasashen tsarinsu ya bambanta. Birtaniya gwajin tarin fuka take nema ga masu zaman wata 6 ko fiye daga ƙasashen da ta lissafa, takardar kuma wata 6 take yi. Gwajin Kanada yana yin wata 12.

Bayan an gama

Asibitoci da yawa kai tsaye suke tura sakamako ofishin jakadanci ta intanet. Idan ambulan mai hatimi aka miƙa maka, kada ka buɗe, ka kai shi ranar ganawa yadda yake, domin wanda aka buɗe ba a karɓa. Kafin ka bar asibitin, ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa da lambar fasfo harafi-harafi. Faifan hoton ƙirji ka sa shi a jakar hannu ranar tafiya. Ka kuma karɓi kwafin fom DS-3025 na kowane mutum a gidan, wanda aka rubuta duk allurar da aka yi da ranakunta, domin za a tambaye ka shaidar rigakafi lokacin sa yara makaranta, kuma da shi likitan can zai san inda zai ɗora.