Yadda za ka tsare bishiyoyinka daga cutar da ke shigowa da dashe

A shekarar 1904 aka fara ganin wata cuta a jikin bishiyoyin cesnat, wasu manyan bishiyoyin dajin Amurka, a gidan namun daji na Bronx, a birnin New York. Funfuna ce da ta biyo dashen da aka shigo da shi daga Asiya. Bishiyoyin cesnat na Asiya sun saba da ita, na Amurka kuwa ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Kafin 1950 ta kashe bishiyoyi kusan biliyan 4. Takan shiga ta inda ɓawo ya ji rauni, ta ci ta zagaye gangar jiki, sai duk abin da ke sama ya bushe. Mai lambu a Agege ko Ikorodu, da mai sayar da dashe a bakin titin Lekki, ta wannan ƙofa cuta ke shigar musu: sabon dashe da bakin adda.

Idan ka sayo dashen mangwaro, lemo ko goro, kada ka kai shi cikin lambu ranar da ya iso. Ajiye shi gefe, nesa da sauran, mako 4 zuwa 6. Duk mako ka juya ganye ka duba bayansa, ka duba inda aka yi masa aure, wato inda aka haɗa reshen wani iri da gindinsa, ka zare guda ɗaya daga leda ka ga saiwa. Saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙarfi. Wadda ta yi baƙi tana saluɓewa a hannu ta riga ta ruɓe, kuma arha ba dalilin ajiye ta ba ce. Dashen da aka tsallako da shi daga Kwatano ba tare da takardar NAQS ba, wato hukumar killace kayan gona ta Najeriya, gara a bar shi.

Adda, zarto da almakashin askin rassa su ne suka fi yaɗa cuta a hannun mutane. Haɗa bilic (sinadarin faranta tufafi) kofi 1 da ruwa kofi 9, ka tsoma bakin ƙarfen na 'yan mintoci kafin ka koma wata bishiya. Haɗin yana rasa ƙarfi, don haka kullum a yi sabo. Da yamma a ɗauraye, a shafa mai, domin bilic na sa tsatsa.

Aski kuma a yi shi daga Disamba zuwa Fabrairu. Sabon rauni a tsakiyar ruwan Yuni, da irin laimar Legas, ba ya bushewa da wuri. In ka ga ɓawon reshe ya loɓa, ya tsage, ko yana zubar da ƙaro, yanke santimita 20 zuwa 30 ƙasa da tabon, ka kalli bakin yankan. Muddin akwai launin ƙasa-ƙasa a cikin itacen, ƙara yankewa. Babban reshe sai an fara tsaga shi ta ƙasa, sannan a yanke ta sama, in ba haka ba nauyinsa zai yage ɓawon gangar. Kada a yanke shi daidai da jikin gangar. Bar wannan ɗan kumburin da ke gindin reshe, da shi bishiya ke rufe rauninta. Idan tabon a gindin lemo yake, kankare shi har ka kai ɓawo mai lafiya, ka dama maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe, irin na manoman koko, ya yi kauri kamar kunu, ka shafa. Abin da aka yanke a ƙone shi a wurin. Kai shi unguwa a matsayin itacen girki yaɗa cuta ne.

Lemo ya fi mutuwa da kwanciyar ruwa. A dasa shi bisa tudu, wurin aure ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, kada a tara ƙasa ko shara a gindinsa.

Kwakwa ce ta fi ban tsoro, musamman ga masu aiki a gonakin Badagry. Akwai cutar da aka fara gani a Awka, a jihar Anambra ta yau, a 1917, irinta ta cinye gonakin kwakwa a gaɓar tekun Gana. 'Ya'ya kan zube tun ba su ƙosa ba, furen ya yi baƙi, ganye ya riƙa rawaya daga ƙasa zuwa sama, cikin watanni kan bishiyar ya faɗi. Feshi ba ya warkar da ita. Rashin taki ma yana sa rawaya, amma ba ya baƙanta fure, don haka a duba furen kafin a ɗauki gatari. In alamun sun haɗu, a sare, a ƙone kan, a sanar da jami'an gona ko cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR, kuma kada a ɗebi iri daga wannan gonar zuwa wata.