Yadda Ake Tayar da Tukunyar Haidurojin Mai Ƙarin Ilektiron

Ƙanena, tunda an tura ka sashen da ake samar da haidurojin mai ƙarin ilektiron, ga abin da na koya kafin in dawo ƙauyenmu na Ringim in kama koyarwa. Ina rubuta maka ne a gindin darbejiya, cikin zafin bazarar da ko ƙarfen siziyom ɗin da za ka yi aiki da shi narkewa zai yi, domin digiri 28 da rabi ya ishe shi.

Ka fara sanin abin da kake dafawa. Furoton ɗaya ne riƙe da ilektiron biyu, riƙon na biyun kuwa bai wuce 0.75 eV (ma'aunin kuzarin irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi) ba, abu kaɗan ya suɓuce. Ana ƙara masa gudu, a ratsa da shi ta siririn fallen kabon ya tuɓe masa ilektiron ɗin duka. Da cajin ya juye, sai ya bi sahun furoton da ke cikin injin ƙara gudu suna zagaya da'ira, a yi ta ƙari a kan hanya ɗaya. Haka Linac4, injin ƙara wa ƙwayoyi gudu na cibiyar bincike ta CERN a Turai, yake yi tun 2020, a kan 160 MeV (wato eV miliyan 160).

Kafin komai, zuƙe iskar tukunyar, wato akwatin da ake samar da haidurojin ɗin a ciki, tas, ka bi kowace gaɓa da hiliyom kana neman yoyo. Kada ka yi ƙyuyar wannan. Sannan ka saki haidurojin kaɗan-kaɗan, ka kunna filasma, wato gas ɗin da wutar lantarki ta raba ilektiron da ƙwayoyinsa. Maganaɗisun tacewa zai tsare ilektiron masu zafi a baya, don su ne ke fizge ilektiron ɗin da ka wahala ka liƙa. Masu sanyi kaɗai ake so a bakin mafita.

Siziyom ne zuciyar aikin. A 1971 ne Belchenko da Dimov da Dudnikov suka gano a Novosibirsk ta Rasha cewa ɗan burbushinsa yana ninka abin da ake samu. Idan ya shimfiɗu a fuskar molibdenam bai kai cikakken layi ɗaya ba, ƙarfen yakan saki ilektiron cikin sauƙi, haidurojin da ya bugi fuskar ya taso da ƙari. Kamar kanwa yake a miyar kuka: ta yi kaɗan ba a ji ta ba, ta yi yawa miya ta ɓaci. Ni na taɓa ɗaga zafin murhun da ke turo tururinsa cikin tukunyar da gaggawa don in ga adadi ya hau. Siziyom ya malale ya shafi wurin fitarwa, tartsatsi ya dinga tashi, muka kwashe kwanaki muna kwancewa da gogewa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin aikin wasu ma ya tsaya. Ɗaga zafin da 'yan digiri, ka jira, ka duba, sannan ka ƙara. Kuma ko digon ruwa kada ya kusance shi, wuta yake kamawa.

Wajen fitarwa, a hankali za ka hau da wutar. Linac4 na ja da kilobolt 45, injin cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka kuma 65. Ilektiron ma za su biyo, tunda cajinsu iri ɗaya ne, sai a karkatar da su da maganaɗisu zuwa mazubinsu. Idanunka su tsaya kan yawansu idan an gwada da na haidurojin. Ka ga suna hauhawa, to siziyom ya ƙare ko ya gurɓata. Rubuta wannan adadin a littafi duk lokacin da ka karɓi aiki, tare da zafin murhu da matsin iskar, ka bar wa mai karɓarka.