Yadda Za a Horar da Ma'aikatan Gidan Abinci kan Tsafta

Mai gidan abinci ya fara horon da wanke hannu, domin hannu na daga manyan hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga abinci. A nuna wa sabon ma'aikaci a aikace yadda zai wanke da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, musamman bayan fitowa daga bayi ko taɓa ɗanyen nama.

Sai batun zafi, wanda ya fi wuyar shiga kan masu girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius, a ajiye mai zafi sama da digiri 60, mai sanyi kuma ƙasa da digiri 5. Shinkafa ko miyar da ta wuce awa 2 a ajiye a fili ba ta dace a zuba wa kowa ba, ko da ƙamshinta bai canza ba.

A ware wa nama wuƙarsa da katakon yankansa daban da na kayan lambu. Ma'aikacin da ke gudawa ko amai kuwa, ya zauna gida har ya kwana 2 da warkewa.