Yadda na magance hayaƙin injin turbo da aka sake ɗaurawa

Bayan an sauya ringin fistan da gasket, motar ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. Cunkoson motoci na Oshodi, a Legas, ne ya jawo: injin da ke aiki a tsaye ba ya danne sabon ringi jikin silinda, sai baƙin mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa.

Na zuba baƙin mai 15W-40 na gargajiya, na hau titin Legas zuwa Ibadan da asuba don ringin ya zauna. In taka totur har allurar juyin inji ta kai 3,500 a minti, in saki, giya ta riƙe motar, haka dai a kai a kai. Ban bar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta buɗe sosai ba. Ashe tiyon da ke mayar da mai daga turbo ma a lanƙwashe yake, na sauya shi. A kilomita 800 na canja mai da filta, hayaƙi ya ɗauke.

Kafin kashe inji, a bar shi minti 2 turbo ta huce.