Yadda ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai biya kuɗin jami'a da na masauki

Ɗalibai da yawa kan yi ta fafutukar haɗa kuɗin karatu, su manta da na zama, sai a tsakiyar zango hannu ya ƙare. Saboda haka kafin ka nemi taimakon kowa, ka rubuta duk abin da shekara guda za ta ci: kuɗin karatu da na rajista, haya, kuɗin ajiyar da mai gida kan karɓa kafin ya ba da makulli, wuta da ruwa, abinci, mota, littattafai da intanet. Ka ɗora kashi 10 cikin 100 saboda rashin lafiya ko tashin farashi, sannan ka cire abin da kake da tabbacin samu daga gida. Abin da ya rage shi ne giɓin da za ka cike.

Fara da tallafin da ba a mayarwa. Wani don ƙwazo ake bayarwa, wani don rashin hali, kuma ana iya neman duka biyun. A Amurka, fom ɗin FAFSA, wato fom na neman taimakon kuɗin karatu daga gwamnati, shi ne ƙofar tallafin Pell da ake ba ɗalibai marasa hali. Gidauniyar Mastercard kuwa tun 2012 take ɗaukar nauyin ɗalibai, galibi 'yan Afirka, ta hannun jami'o'in da take hulɗa da su. Ka tanadi takardar samun gurbi, sakamakon jarrabawa, shaidar abin da iyaye ke samu, da wasiƙar shaida daga malami tun kafin a buɗe nema, domin takarda ɗaya da ta makara kan sa a ajiye fom gaba ɗaya. Ka karanta sharuɗɗan da kyau: wani tallafin kuɗin karatu kawai yake biya, wani kuma ana janye shi idan maki ya sauka. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya samo maka tallafi, ɗan damfara ne.

Ka je ofishin kuɗi na makaranta kafin ranar rufe biya, ka tambayi tsarin biya kashi-kashi. Bayan ranar, tara ce ke biyo baya, ko a hana ka rajista.

Masauki ne ya fi buƙatar lissafi. Ɗakin kwanan ɗalibai yakan fi sauƙi tunda wuta da ruwa na ciki, amma gurabensa kan ƙare da wuri, kuma wasu ana rufe su lokacin hutu. Gidan haya kuwa sau da yawa na wata 12 ake biya, alhali karatu bai kai haka ba. Ɗaki mai araha da ke nesa na iya fin na kusa tsada idan ka haɗa kuɗin motar kullum. In za ku yi karo-karo ku kama haya tare da wasu, kowa sunansa ya shiga yarjejeniyar hayar da rabonsa, don kada wani ya tashi ya bar maka nauyi. Ranar shiga ka ɗauki hoton duk wata ɓarna da ka tarar, ita ce hujjarka wajen karɓar kuɗin ajiya.

Aiki na taimakawa, musamman na cikin makaranta, amma kada ya cinye lokacin karatu har ka rasa tallafi. Ɗalibin waje ya duba bizarsa: a Birtaniya, mai karatun digiri ba ya wuce awa 20 a mako lokacin zango.

Rance shi ne na ƙarshe, kuma gwargwadon giɓin kawai. Na gwamnati ya fi na banki rangwame: na NELFUND, asusun ba ɗalibai rance a Najeriya, babu kuɗin ruwa, a Ingila kuma ba a fara biya sai albashi ya kai wani mataki. Ka tambayi ranar da ruwa zai fara hawa. Bashin 100 mai ruwan kashi 10 a shekara, in ruwan na hawa kan ruwa, zai haura 146 bayan shekara 4.

Idan kuɗi suka yanke duk da haka, kada ka ɓace. Ka rubuta wa makaranta kana neman jingine karatu a hukumance, don gurbinka da makinka su jira ka.